Wasiƙa daga Holan: wuta ta wadata, amma layi ya cika

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki na gida. Ina fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa, Allah ya sa haka, amin.

Tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonninku tun da wasu suka ji labarin cewa kamfanoni a Holan suna neman wutar lantarki suna rasawa: shin da gaske ne a Turai ma ana ɗauke wuta? Na yi alkawarin yin bayani a kan kuɗin wutar gida, da farantan sola, da kuma halin da manyan kamfanoni suke ciki. Zan fara da na ƙarshen, domin shi nake gani kullum a sito mai ɗakunan sanyi inda nake aikin ofis.

Ba a ɗauke wuta a nan sai nadiran, kuma wutar ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya gaza shi ne wayoyi da tashoshin taransifoma da suke ɗaukar ta daga inda aka samar zuwa inda ake buƙata. Wanda ya san noman rani a Kadawa zai gane: ruwa yana nan a dam ɗin Tiga, amma idan kowa ya buɗe gonarsa a sa'a ɗaya, magudanar ba za ta ɗauka ba. Ƙasar nan ta daɗe tana dogaro da iskar gas, har aka dakatar da haƙarsa a lardin Groningen a 2023 saboda girgizar ƙasa da haƙar ta riƙa jawowa, wadda ta riƙa tsattsaga gidajen mutane. Yanzu motoci da ɗumama gidaje da tukwanen masana'antu duk suna komawa kan lantarki, a kan layukan da ba a shimfiɗa su don irin wannan lodi ba. A watan Yunin 2022 kamfanin TenneT, mai kula da manyan layuka, ya sanar cewa babu sauran gurbin haɗa sababbin manyan masu amfani da wuta a lardunan Brabant ta Arewa da Limburg. Daga baya cunkoson ya game kusan dukkan ƙasar, ya fi tsanani a Utrecht da Gelderland da Flevoland, kuma kamfanoni da hukumomi fiye da 10,000 suna kan jerin jira.

Gina sabuwar babbar tasha yakan ci shekaru kusan goma, mafi yawansu a neman fili da izini, ga kuma ƙarancin ma'aikatan lantarki. Saboda haka aka koma ga wata dabara. Layin ba ya cika dare da rana. Yakan cika ne a wasu sa'o'i, musamman daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 9 na dare a lokacin hunturu, sai kuma tsakar rana a lokacin zafi, sa'ad da farantan sola suke tura wuta fiye da kima. Idan manyan kamfanoni suka yarda su sassauta a waɗannan sa'o'i, sai gurbi ya samu ga na bayansu. Ba kyauta suke yi ba. Ana biyan su, ko a yi musu rangwame a kuɗin amfani da layi. A 2025 TenneT ya fara ba da wani kwantiragi wanda kamfani yake da cikakken haƙƙin jan wuta a kashi 85 cikin ɗari na sa'o'in shekara, a sauran kashi 15 kuma ana iya rage masa, da sharaɗin a sanar da shi tun ana gobe.

A wurin aikinmu abin yana tafiya ne kamar haka. Doka ta ce daskararren abinci kada sanyinsa ya gaza digiri 18 ƙasa da sifili. Sai mu ƙara wa ɗakunan sanyi ƙarfi da rana, su wuce wannan ma'auni sosai, da yamma kuma a kashe wasu injina, kayan su riƙe sanyinsu har dare ya raba. Manoman tumatir da furanni na gidajen gilashi a Westland su ma suna jujjuya lokacin kunna fitilunsu da injinansu.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne takardu, kuma a nan zan ɗan tsaya. Kafin a sa hannu a kan yarjejeniyar sassauta jan wuta, sai da muka tattara karatun mita na shekara guda cur, wanda ake ɗauka kowane minti 15, muka jera kowane inji da ƙarfin da yake ja, muka nuna wanda za a iya kashewa da wanda ba za a taɓa ba. Daga nan sai lauyoyi da kamfanin inshora suka shigo da tambayar da ta riƙe mu tsawon watanni: idan injin bai tashi ba bayan an kashe shi, kifi da nama suka lalace, wa zai biya? Idan muka wuce iyakar da aka yanka mana ko da na minti 15 ne, mene ne hukuncinmu? Kowace amsa tana haifar da sabon fom. Maƙwabtanmu da suke son haɗa kai su raba gurbi ɗaya a tsakaninsu, irin yadda aka yi a rukunin kamfanoni na kusa da filin jirgin Schiphol, nasu ya fi namu wuya, domin dole kowa ya buɗe wa ɗan'uwansa sirrin aikinsa, kuma laifin ɗaya yana iya shafar kowa. Wannan yana damuna ƙwarai, saboda mai manyan batura da lauyoyi yana samun hanya, amma mai gidan burodin da yake son ƙara tanda yana nan a jerin jira. Masana'antar da injinta ba ya tsayawa dare da rana kuwa, ba ta da abin da za ta sassauta.

Na san ciwon gida daban ne. Wutar da ake samarwa a Najeriya ba ta isa ba tun farko, kuma ba mu manta da duhun da Arewa ta shiga a Oktoban 2024 ba, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Amma masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai sun daɗe suna yin abin da ake roƙon kamfanonin Holan su yi, sai dai su ba a tambaye su ba, ba a sanar da su ba, ba a kuma biya su ba. Tun daga Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A (Band A) bisa alkawarin sa'o'i 20 a rana, ina ganin ƙungiyoyinsu suna da hujjar neman rubutacciyar yarjejeniya: a faɗi sa'o'in da za a ɗauke tun ana gobe, a rage kuɗi ga wanda ya yarda ya mai da aikinsa dare. Mai injin casar shinkafa da ya san jadawali zai tsara ma'aikatansa, ya kuma rage dizal ɗin janareto. Sai dai hakan ba zai yiwu ba sai da mita mai gaskiya da ɓangarorin biyu suka amince da ita.

Batun sola kuwa, tsarin da ake cire wa magidanci wutar da ya tura wa layi daga cikin wadda ya ja zai ƙare a ranar 1 ga Janairun 2027, shi ya sa maganar batirin gida ta yawaita a bakin mutane. Kuɗin wutar gida zan bar shi sai wasiƙa ta gaba, idan Allah ya kai mu.

Wassalam, naku a Holan.