Turancin ciniki a wajen masu ɗinkin fata

Mu ƙaramin kamfani ne a Kano, jakunkuna da takalman fata muke ɗinkawa, galibi da fatar jan akuyar Sakkwato, sauran kayan aiki kuma a Ƙofar Wambai muke saye. Kwastomominmu na waje yawanci masu ƙananan shaguna ne a Ingila, sai ɗaiɗaiku a Amurka, kuma cinikin gaba ɗaya a imel da WhatsApp ake yinsa, ba a ganin fuska ba a jin murya, shi ya sa duk yaron da zan ɗora kan amsa saƙo sai na zaunar da shi tukuna ko da digiri gare shi.

Mu a nan ladabin yana cikin gaisuwa ne, ka tambayi gida ka tambayi kasuwa, ka ce don Allah Alhaji da za a canza kaza, shikenan magana ta shiga. Su kuwa a cikin jimlar kanta suke sa shi. Yaro zai rubuta wa wata kwastoma "you should order brown" da kyakkyawar niyya wallahi, don ya san ruwan ƙasa ya fi tafiya, amma ita a kunnenta kamar malami ne yake mata faɗa. "You had better" kuwa na hana kwata-kwata, wannan gargaɗi ne. Abin da nake so ya rubuta shi ne "have you thought about brown?" ko "you could try", a bar mata zaɓi a hannunta tunda kuɗinta ne.

Inda aka fi shan wahala shi ne karanta nasu saƙon. Baturiyar Ingila in ta ce "you might want to look at the stitching" to fa ba shawara ba ce, ɗinkin bai yi mata ba, in ba a gyara ba oda ta gaba ba za ka ganta ba kuma ba za ta ce maka komai ba. Irin wannan saƙon in ya shigo da kaina nake ɗaukar jakar in je wajen maɗinki mu farke bakin zip ɗin mu sake. Ba'amurke ya fi sauƙi, zai ce "let's change the strap" kai tsaye kuma ba fushi yake ba, sai ka ga yaro ya tsorata yana ta ba da haƙuri a banza, in ce masa canza maɗaurin kawai ka tura hoto.