Ɗan Achimota da fiyano

Jiya na raka ƙanena makarantar Achimota a nan Accra ya kai wa ɗansa kaya. Muna jiran yaron, idona ya faɗa kan tambarin makarantar, baƙi da fari kamar haƙoran fiyano. Shekarata nawa a Nima, sai jiya na lura!

Da yaron ya fito sai ya ce, "Baba, ai wani tsohon ɗalibinmu da fiyanon nan ya zaga duniya." Ya buɗe min bidiyon William Chapman Nyaho a waya. An haife shi a Washington a 1958, amma a nan Ghana ya tashi. Daga Achimota sai Oxford a Ingila, sai Janeba, sai Amurka, inda ya yi digirin dakta a Texas.

Ni da na girma da gangar Dagomba da waƙar biki, na ɗauka kiɗan nan sai coci da Turawa. Na zauna a inuwa na saurara. Mutum ɗaya, yatsu goma, maɓallai 88, ba mawaƙi ba 'yan amshi, zaure cike da jama'a amma tsit kamar ana huɗuba.

Abin da ya fi burge ni, bai tsaya a kiɗan Turai ba. Ya bi ya tattara kiɗe-kiɗen fiyano da 'yan Afirka da jikokinsu na ƙetare suka rubuta, har kundi 5, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga.

Muna cikin tirotiro, motar haya, yaron ya kira, wai in roƙar masa babansa ya bar shi ya koya. Ƙanena dai ya yi kamar bai ji ba.