Hular kwanon da na mayar masa

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullan ɗakin magani da katin shiga, bayan kakar wasa huɗu ina mataimakin mai kula da lafiyar 'yan wasa a wata ƙungiyar ƙwallon Amurka. Ba NFL ba ce, babbar gasar wasan a Amurka, kada a ce na cika baki. Ƙaramar gasar ƙwararru ce, irin wadda ake bugawa a rufaffen zaure, fili gajere, an kewaye shi da bango mai katifa. Abin da ake biyan yaro a kan wasa ɗaya ba ya biyan hayar wata, kuma duk wanda ya kwanta jinya, kafin ya tashi wani ya gaje gurbinsa.

Tun a makaranta na san labarin illar da wasan ke yi wa ƙwaƙwalwa. Ranar da malaminmu ya zo kan Dokta Bennet Omalu, likita ɗan Najeriya, sai da ya nuno ni da yatsa ya ce wa aji ga ɗan ƙasarsu nan. Omalu ne ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers da ya rasu a 2002 yana da shekara 50, bayan rayuwa ta jagule masa har yakan kwana a mota. A cikinta ya gano cutar da ake kira CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa da yawan buguwar kai ke haddasawa, ya wallafa a wata mujallar kimiyya a 2005, likitocin NFL suka nemi mujallar ta janye rubutun, ya ƙi lanƙwasa. Sai a 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Ranar nan kaina ya kumbura, kamar ni na yi aikin.

A kakata ta biyu aka zo da wani yaro ɗan jihar Misisipi, mai cafe ƙwallo, siriri, ga gudu kamar barewa. Dokta yake kira na, ko da yake na sha gaya masa ni ba likita ba ne. Kullum ni nake naɗe masa idon sawu da filasta, shi kuma yana nuna mini hoton 'yarsa a waya. Wani daren Asabar ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a tsakiyar fili, ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba wani ƙato ya zo da kai ya same shi a ƙarƙashin haɓa. Ƙarar kamar an sara gatari a busasshen icce. Zaure ya ɗauki sowa, irin sowar da nake ji a gidan dambe ina yaro idan an yi kisa. Ya tashi da kansa, ya yi taku biyu, gwiwarsa ta saki, ya kai hannu yana laluben bango alhali bangon na can nesa.

Ni na fara isa gare shi. Na cire masa hular kwano, na zaunar da shi a benci, na yi masa tambayoyin da aka koya mana: ina muke, wane zango ake ciki, wa ya ci na ƙarshe. Ya amsa biyu, ya kasa ɗaya. Sai ya ce, “Dokta, na cafe kuwa?” Na ce ka cafe. Ban gama duba idonsa ba ya sake cewa, “Dokta, na cafe kuwa?”

Duk wanda ya yi wannan aiki ya san dabarar. Idan kana zargin ƙwaƙwalwa ta girgiza, ka ɗauke hular ka ɓoye ta, domin babu mai shiga fili ba hula, kuma ba ka da ƙarfin riƙe waɗannan mutane da hannu. Hular na hannuna, na rungume ta a ƙirji, na je wurin Oga, babban mai kula da lafiyar 'yan wasanmu, na ce masa yaron nan ya yi tangaɗi kuma yana maimaita tambaya. Oga ya shekara ashirin da wani abu a harkar. Bai ko juyo sosai ba. Ya ce numfashinsa ne ya ɗauke, ya taɓa ganin irin haka sau dubu. Ya je ya tsaya a kan yaron, ya ce lafiya kake? Yaro ya ce lafiya lau, a ba ni hulata. Oga ya dube ni ya ce, “Ka gani da idonka, ko zato kake yi?”

Na gani da idona. Amma takardun zamana a ƙasar a hannun ƙungiya suke, sa hannun Oga ke sabunta su. Kuma an raine ni a gidan da ba a ja-in-ja da babba a gaban mutane. Na miƙa masa hular. Har na gyara masa maɗaurin haɓa.

Hular kwano ƙoƙon kai take karewa. Ƙwaƙwalwa kuwa laushinta bai wuce na awara ba, tana iyo ne cikin ruwa, idan kai ya tsaya cak ita ba ta tsaya ba, sai ta bugi ƙashi daga ciki. Bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne abin tsoro. Na biyun ya zo kafin a tashi wasan, kuma ba wani mugun bugu ba ne, ƙeyarsa ce kawai ta daki ƙasa. A kan gadon ɗaukar majinyata aka fitar da shi. Hoton asibiti bai nuna jini ba, yadda sau da yawa ba ya nunawa, amma wata uku yaron ba ya iya kallon hasken waya, kuma bai sake buga wasa ba.

Ranar Litinin na ga rahoton. An rubuta cewa mataimaki ya duba ɗan wasa kuma bai kawo rahoton wata alama ba. Na shiga ofis da takardar a hannu, Oga ya ce ina ka rubuta? Ban rubuta ko'ina ba. Da baki na faɗa, cikin hayaniyar zaure. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka ce in sake zama kwas a kan girgizar ƙwaƙwalwa, kwas ɗin da shi Oga yake sa hannu a kan takardar kammalawa. Ban ce mugun mutum ba ne. Na ga yana kai wa yara abinci daga aljihunsa. Sai dai har yau bai taɓa kallona ya ce ka faɗa mini ba.

Watanni kaɗan bayan haka duniya ta kalli irin wannan a talabijin. Ranar 25 ga Satumba 2022, Tua Tagovailoa na Miami Dolphins ya bugu a ƙeya a wasansu da Buffalo Bills, ya tashi yana tangaɗi, aka ce bayansa ne, ya koma fili. Bayan kwana huɗu a Cincinnati aka maka shi da ƙasa, yatsunsa suka sandare a gaban fuskarsa. Ƙungiyar 'yan wasa ta sallami likitan waje da ya duba shi a karon farko, kuma a Oktoba aka gyara doka: wanda ya yi tangaɗi ya gama wasa a ranar. Ina zaune ina kallo na kashe talabijin. Can akwai kyamarori, akwai masu sa ido a saman fili, akwai likitan da ba ya cin albashin kulob, duk da haka ta faru. Mu kuwa daga ni sai Oga.

Shekara biyu na ƙara a wurin, takardu suka riƙe ni. Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Ka rubuta komai, da lokaci, ka tura wa mutum biyu. Kada ka tambayi ɗan wasa ko zai iya komawa, amsarsa ɗaya ce ko da ƙafarsa na hannunsa. Koci ba abokin gabarka ba ne, amma ba da shi za ka yi shawarar kan mutum ba. Ka iya danna ƙirji kamar yadda ka iya Fatiha: da zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya a fili ranar 2 ga Janairu 2023, wanda ya durƙusa yana danna masa ƙirji, Denny Kellington, mataimaki ne irina.

Bayan daren yaron Misisipi na ɓoye hula sau bakwai. Akwatin ƙanƙara nake sa su, ƙarƙashin tawul, babu mai tunanin dubawa can. An zage ni, wani ya yi jifa da kujera, Oga ya rubuta a takardar ƙarshen shekara cewa ba na tafiya tare da jama'a. Takardar na nan a jakata, ban yar ba.

Daren Alhamis, ina kwashe kayana, na kira yaron Misisipi. Yanzu yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, 'yarsa ta shiga firamare. Ya ce ciwon kan ya ragu sai dai idan ya daɗe a rana. Na so in gaya masa cewa hular na hannuna a daren nan, na fara, sai ya katse ni da dariya ya ce ai shi ba ya tuna komai daga ranar, matarsa ce ta nuna masa bidiyo. Ya ce, “Dokta, amma ka ga yadda na cafe ta?”