Tsohuwa tana nan tana tufka a Agege

Duk wanda ya shigo shagonmu a Agege, kafin idonsa ya kai kan igiya sai ya fara cin karo da Tsohuwa. Sunan da muka laƙaba wa injin murɗa zare ke nan, wanda Baba, Allah ya ji ƙansa, ya saya a gwanjo lokacin da wata masaƙa ta rufe a nan Legas. Zubin ƙarfe ce, a jikinta an rubuta Platt Brothers, Oldham, garin masaƙun nan na kusa da Manchesta a Ingila. A da, dogon sandan ƙarfe ne daga saman rufi yake juya ta da bel. Mu muka ɗaura mata injin lantarki mai juya ta.

Baba ya koyi aikin zare a Kakuri, a masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Ni kuwa da tsintsiya na fara. Shekara guda ina share ɓurɓushin auduga ina ɗiga mai, bai bar ni na taɓa kwarkwaro ko ɗaya ba. Ranar da ya yarda, cewa ya yi, "Rufe ido, ka gaya mini wane zare ne zai tsinke." Na ce, "Baba, da ido rufe?" Ya ce da kunne ake aikin. Yau ko ina bakin titi, ƙararta ta sauya na sani.

Sirrin igiya a murɗi yake. Tsohuwa tana haɗa zarurruka ta murɗe su ɓangare guda su zama tufka ɗaya. Sai mu ɗauki uku mu kai wa ƙaramin injin, ya murɗe su ta ɗaya ɓangaren. Kowace tufka tana neman warwarewa, sai ta ƙara danne 'yar'uwarta, shi ke riƙe igiyar. Murɗi ya yi yawa ta ƙanƙance ta riƙa cukurkuɗewa, ya yi kaɗan ta saki. Laimar Legas ma tana taimakonmu, don auduga ba ta son bushewa. Da hunturu ya leƙo, zare sai tsinkewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne igiyar leda mai launi-launi da ta cika kasuwa. Gab da Babbar Sallah dillalin raguna zai zo ya ce, "Alhaji, ta leda fa rabin kuɗin taka ce." Sai in miƙa masa tawa in ce ya ja ta a tafin hannu. Ta auduga ba ta ƙona hannu, ba ta yanka wuyan dabba, in ta jiƙe ma ƙarfi take ƙarawa. Ta leda, rana ta dake ta wata biyu-uku ta fara zubar da gari.

Ga kuma masu kawo zare. Bara wani ya rantse mini audugar Funtuwa ce zalla, na kai ashana bakin zaren, sai ya narke ya dunƙule maimakon ya zama toka. A motar da ya kawo shi ya mayar.

Haƙorin giyar Tsohuwa ya karye kwanan baya, wani maƙeri a Mushin ya zuba mana sabo. Da Asabar ta koma aiki.