Jibin Ubangiji sai wata-wata?

Yau bayan sujada a cocinmu nan Tudun Wada Jos, wata tsohuwa da jikanta ya kawo a keke ta tare dattijon ikilisiya a bakin ƙofa ta ce "Baba, yau ba a cin jibi ne?" Ya ce "Ayya Mama, ai sai Lahadin farko na wata, makon jiya aka yi." Ta yi shiru, can ta ce "To, in da rai." Matar nan fa ciwon ƙafa ya sa ta gaba, ba kowane Lahadi take iya fitowa ba, ga kuɗin keke yadda ya koma yanzu, ranar da ta lallaɓo kuma ba a yi.

Na san abin da muke cewa, wai in ana cin jibin nan, wato gurasa da ƙoƙo na tunawa da mutuwar Yesu, kullum zai zama al'ada a daina jin nauyinsa, amma gaskiya ban gamsu ba, baiko ai kowane mako ake karɓa ba wanda ya ce ya gundure shi. Bulus bai yanka adadi ba a 1 Korintiyawa 11, cewa ya yi duk lokacin da kuka ci, kuma a Ayyukan Manzanni 20:7 ranar farko ta mako suka taru don gutsuttsura gurasa. 'Yan Katolika kowace Misa suna yi. Shi kansa John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, kowane mako ya so, majalisar garin Janeba inda ya yi hidima ce ta tsaya a sau 4 a shekara. Ni dai ko ba za a koma mako-mako ba, ina ganin ya kamata fasto ya riƙa kai wa tsofaffi da marasa lafiya har gida.