Inda gyaran ɗakin yara ya kai: bango ya bushe, saura ɗinki

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon gyaran ɗaki da ɗan abin hannu. Ga inda aikina ya tsaya: fenti ya bushe, an shimfiɗa ledar ƙasa, akwatunan kayan wasa sun zauna a wurinsu. Labule da mayafin gado ne suka rage, su ma na fara yanka.

Kusan duk kuɗin da na ware bango ne ya ci, kuma da gangan na yi hakan. A ɗakin yara, daga ƙasa zuwa inda hannunsu ke kaiwa nan ne ake shan wahala: man ja, miyar kuka, biro, sawun ƙafa. Don haka na raba bangon biyu. Ƙafa 4 na ƙasa na shafa fentin mai, wanda tsumma da ruwan sabulu ke gogewa, daga nan zuwa sama kuma fentin ruwa, tunda ya fi araha kuma ba mai taɓa shi. Ɗakin ƙafa 12 ne a 12, galan ɗaya mai lita 4 ya ishi ɓangaren ƙasan har shafi biyu. Layin tsakiya kuwa igiya na shafa wa alli, muka ja ta ni da ƙanwata, muka fyaɗa a bango, ya fito sak. Na zaɓi ruwan sararin samaniya a ƙasa, ruwan madara a sama. Masu sayar da fenti za su nuna miki launuka masu duhu wai ba sa nuna datti. Ni ban yarda ba, domin in an ɗauke wuta ɗakin sai ya yi duhu tun la'asar, sauro kuma ya samu wurin laɓewa.

Lokacin aikin ma abin lura ne. Ki bari damina ta wuce bango ya saki danshinsa, amma kada ki kai tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura za ta manne a ɗanyen fenti. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi.

Abin da ya fi damuna shi ne kankare tsohon fenti. Wasu fentin mai, musamman na da, suna ɗauke da dalma, kuma garinta na taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ne. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara. Can ta hanyar dakan duwatsun zinare ta shiga gidaje, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka na tura yaran gidan kakarsu, na jiƙa bangon kafin na kankare don kada gari ya tashi, na kwashe ɓarɓashin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Wajen sayen sabo kuma ki duba jikin gwangwani ko an rubuta babu dalma. Kada su kwana a ciki sai wari ya fita gaba ɗaya, taga a buɗe dare da rana.

Ado bai ci min komai ba in ban da faifai uku da na sayo a Kasuwar Kurmi na kafa saman ƙofa. Na zana dagi a kwali, na yanke cikinsa da reza, na riƙa ɗora shi a kan layin ina dangwala ragowar fenti da soso. Sirrin shi ne ki matse soson sosai, in ya jiƙe da yawa fenti zai zurara ta ƙarƙashin kwalin. A gefen taga kuma na bar fili kamar ƙafa 3 a 2 na shafa baƙin fentin allo. Yaro sai ya yi rubutu a bango, ko kin so ko kin ƙi, gara ki ba shi nasa wurin.

Akwatunan kwalayen taliya ne na karɓa wurin mai shagon layinmu. Na dama sitaci ya yi kauri kamar kamu, na shafa, na lulluɓe su da ragowar atamfa, na shanya a rana har suka ƙandare. Ki tabbata sun bushe ƙamas, kuma ki ɗora su a kan katako, don kwali mai laima gidan kyankyaso ne da gara. Takalma da kaya masu nauyi na zuba a kwandunan roba na Ƙofar Wambai. Maratayin jakar makaranta da hijabin Islamiyya na sa kafinta ya kafa shi daidai kafaɗar ƙaramar yarinyar, kuma tun ranar ita ke rataye kayanta da kanta. Doguwar kantar jera kaya mai tsayuwa da ƙafarta kuwa na ƙi ta, saboda yara na hawa, tana rikitowa.

Gado ne na daɗe ina juyayi a kansa. Mai bene yana rage cin wuri, amma fankar sama na kusa, kuma bai dace yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a sama. Na tsaya a kan ƙananan katifu biyu, kowa da tasa. Babbar yarinyar ta kusa shekara 10, shekarun da hadisi ya ce a raba musu makwanci. Ƙusoshin gidan sauro na fara kafawa kafin na yanke inda katifun za su zauna. Sabon gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa kwana ɗaya cur kafin a ɗaura. Nan ba wurin tsimi ba ne ko kaɗan.

Yanzu ina kan mayafi. Telan unguwarmu ya tara min ƙyallaye, na wanke su tukuna don in ware masu zuba. Ina yanka kowane inci 7 a 7, bayan ɗinki ya koma inci 6. Jeri 9 a faɗi, 13 a tsawo, guda 117 ke nan ga kowace katifa. Kada ki haɗa shadda da yadi mai santsi a mayafi ɗaya, in an wanke kowane da yadda yake tsukewa, ɗinkin sai ya tattare. Labule kuwa rabin turmi, yadi 3, zai ishi tagar, sai dai atamfa ita kaɗai rana na cinye launinta da wuri. Ranar Asabar in Allah ya yarda zan shiga Kantin Kwari neman farin yadi mai araha da zan yi masa shafi ta baya. Wadda ta taɓa gwada tsohon zanen gado a maimakonsa, don Allah ta faɗa min ko yana jure wanki.