Aikinmu a ƙaramin ɗakin gwaji na Nima

Ɗakin gwajina ƙarami ne, a nan unguwar Nima da ke Accra. Kullum gwajin zazzaɓin cizon sauro da na jini ne ke kawo mana kuɗin shiga, amma aikin da ya fi kwanta mini a rai shi ne shuka ƙwayoyin cuta. Mukan shafa fitsari ko bahaya ko ruwan gyambo a kan faranti mai abincin ƙwayoyin, mu rufe shi a na'urar ɗumi a kan digiri 37, mu jira awa 18 zuwa 24. Ranar da aka ɗauke wuta janareta ne zai kwana yana aiki, don in ɗumin ya sauka ƙwayar ba za ta tsiro yadda ake so ba.

Masu zuwa sukan tambaye ni, "Malam, wace ƙwaya ce?" Sunan kaɗai ba ya wadatarwa. E. coli tana zaune lafiya a hanjin kowannenmu, amma nau'inta O157:H7, wanda aka gano a Amurka a 1982, yana fitar da guba mai lalata ƙodar yaro. Ƙwayar kwalara ma rukuninta ya haura 200, biyu ne kawai, O1 da O139, ke tayar da annoba. Duk wanda ya ga 2014, lokacin da sama da mutum 28,000 suka kamu a Ghana, akasarinsu a Accra, ya san wannan bambanci ba wasa ba ne.

Auna muguntar kowane nau'i ya fi ƙarfinmu. Sai an nemi ƙwayar halittar gubar da na'urar PCR mai gano ƙwayoyin halitta, ko a gwada a kan ɓeraye a ga adadin da zai kashe rabinsu. Wannan na manyan cibiyoyi ne irin su cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Legon a Accra.

Abin da ke hannunmu shi ne gano maganin da zai ci ƙwayar. Mukan jera 'yan takardu masu ɗauke da magunguna a kan farantin, washegari mu auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa, da milimita. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda nake yawan ganin ƙwaya ta tsiro har gindin takardar maganin ampicillin, ko gezau.

Shi ya sa nake roƙon iyaye mata a kawo samfurin kafin a saya wa yaro kafso a kemis. In ya riga ya sha, sau da yawa farantin kan fito wayam alhali cutar tana jikinsa.